Ranar da Na Ce Ba Tawa Ba Ce

Mutanen Gwandu sukan tambaye ni yadda aka yi muka tafi Gabas muka dawo, amma babu wanda ake kira Alhaji ko Hajiya a gidanmu. Nakan ce Allah bai yi ba. Gaskiya ce, sai dai ba ita ke nan duka ba. Yanzu da na ɗan iya haɗa baƙi a ajin yaƙi da jahilci, zan rubuta abin da ya same mu a Lubayya, don bakina ba ya iya faɗinsa a gaban mutane, takarda kuwa ba ta kallon idon mai ba ta labari. Allah ya sa hannuna ya kai ƙarshe.

Sunana Kulu. Bakabiya ce ni, haihuwar Kalgo, da zanenmu a kumatuna. An kawo ni aure Gwandu. Mu biyar muka shiga ayarin: ni da maigida, da mahaifiyarsa da muke ce wa Inna, da ɗiyata ta fari wadda ba ta cika shekara biyar ba, da Dije da ke goye a bayana. Madugunmu wani mutumin Kambaza ne da ya taɓa zuwa ya dawo. Shi ke cinikin mota, shi ke magana da masu tsaron iyaka, mu namu mu hau in an ce mu hau, mu sauka in an ce mu sauka.

Kowa ya san yadda ake yi da ɗan fari a wajenmu. Ranar da aka yaye ta Inna ta ɗauke ta, ɗakinta take kwana, ƙwaryarta take sa hannu. Sunan Innar kuma aka sa mata, kunya ta zamar mini biyu. Ba na kiran sunanta, ba na ɗaukarta a gaban mutane, ba na miƙa mata abinci da hannuna. In ina son ta matsa nakan ce "ke". Ita kuma Adda take ce mini, yadda ta ji ƙannena suna kirana, ubanta kuwa Malam, yadda ta ji kowa yana faɗi. In baƙuwa ta tambaye ni ko ɗiyata ce, sai in sunkuyar da kai in ce ta Inna ce. Mata su yi dariya su ce lallai Kulu an sha tarbiyya. Da wannan aka san ni a gidan miji, da shi aka yabi uwata a Kalgo. Kamannin ma Inna ta ɗauko, fara ce siririya mai dogon hanci, ba a yi mata zane ba. Ni da ubanta baƙaƙe ne, Dije ce ta biyo mu.

Amma ba a hana ido. Da wutsiyar ido na raine ta. Na san in ta tsorata ba ta kuka, bakin zanenta take tsotsa. Na san ba ta cin tuwo sai ya huce. Babu wanda ya san na sani.

A Fallomi muka fara sanin mun bar gida. Muka zauna bakin kogi muna jiran jirgin fito, ga sauro, ga masu sayar mana da ruwan da muke kallo yana wucewa. Nan na shaƙu da Yaya Indo, wata Bakatsiniya da ta shigo ayarin a Kano, mijinta ya rasu, ta sayar da awakinta ta biyo hanya. Tun da ta ga zanena ta sa ni a gaba da tsiyar Katsinawa da Kabawa. In na buɗe baki sai ta ce ana jin ƙarnin kifi tun daga nan. In na ce mata "mi kika ce", sai ta kwaikwaye ni har mota ta ɗauki dariya. Ni ma nakan rama in Inna ba ta kusa.

A Abashe zawo ya kama Inna. Muka kwantar da ita a inuwar mota, direba yana ta zagi da wani harshe wai muna ɓata masa lokaci. Da ta ga abin ba na tashi ba ne, ta sa aka kawo mata yarinyar, ta tsefe mata kai ta yi mata kitso da hannunta. Ta dube ni ta ce, "Kulu, ga takwarata nan." Na sunkuyar da kai, don akwai mutane. Kafin la'asar an rufe ta a wani fili mai duwatsu inda babu ko itacen da za a gane wurin da shi. Wani ma'aikacin Faransa ya karɓe takardar tafiyarta, wai ta mamaci ba ta ƙetare iyaka. A cikin wannan takardar aka rubuta yarinyar tun daga gida, tunda ta Inna ce. Babu wanda ya yi tunanin wannan a cikinmu, muna ta kuka.

Daga nan Yaya Indo ce ta riƙa ɗora ta a cinya cikin mota. Yarinyar takan tambaye ta yaushe Inna za ta cim mana. Ina jin su, ina kallon waje.

A garin Jinena aka tsare mu aka yi mana lamba. Bayan Fashir kuwa yashi ne kawai. Mota ta kafe, maza su sauka su shimfiɗa ƙarfe ƙarƙashin taya su tura, ta yi ɗan gaba ta sake kafewa. Garinmu ya ƙare, muka koma cin kisra, wata irin waina mai faɗi, siririya kamar ganye, mai tsami. In na rufe ido nakan ga fadamar Kalgo da shinkafa ta yi kore, in ji ƙamshin kifin da uwata ke banda a bayan ɗaki. In buɗe in ga yashi.

Lubayya ce ƙarshen mota, daga nan jirgin ƙasa ke ɗaukar mutane zuwa Kartum har bakin teku. Aka sauke mu a zangon Takari, haka suke kiran duk wanda ya fito daga ƙasashenmu. Madugu ya tara mu ya ce jirgi sai jibi, gobe kowa ya yi abin da ransa ke so. Tun da muka bar gida ba a taɓa ba mu yini ba. Maza suka ce za su je gaida wani malami a bayan gari. Mu kuwa Yaya Indo ta ce wallahi sai ta ga kasuwar Larabawa da idonta, ta koma Katsina ta ba da labari.

Muka yi wanka da ruwa mai yawa, muka fitar da zannuwan da muka ɓoye don Makka. Ba zan ɓoye ba, da safen nan raina ya yi fari, har na ji ina son waƙa. Muka fita mu huɗu: ni da Yaya Indo da wasu mata biyu 'yan Ceberu, dangin maigida ne ta wajen uba. Dije a bayana, yarinyar tana riƙe da hannun Yaya Indo.

Kasuwar ta fi ta Jega nesa ba kusa ba. Raƙuma a durƙushe, buhunan ƙaro a jibge sun fi tsayin mutum, mata a naɗe da farin mayafi tun daga kai har ƙafa, wari da ƙamshi duk sun gauraye. Yaya Indo tana ciniki da yatsu, in mai kaya ya ɗaga biyar ta lanƙwashe masa biyu, ya yi dariya ya buɗe su. Na sayi dabino na miƙa mata, ita ta miƙa wa yarinyar. Da muka kai layin masu turare sai ta saki hannunta ta kutsa cikin wata rumfa, ta ce mu jira ta. Yarinyar ta tsaya a bayana, ba kusa sosai ba, kamar yadda ta saba.

Wani jaki ne ya taho da salkunan ruwa, mai shi yana kora shi da sauri. Salka ta bangaje ta, ta faɗi ta fuska a kan dutse. Goshinta ya fashe, jini ya rufe mata ido.

Ƙafata ta ɗaga, na ji ta ɗaga. Sai na ga matan Ceberu suna dubana. Ba da mugunta ba, dubawa ce kawai irin ta dangin miji. Ƙafar ta koma inda take. Na kau da kai na ɗaga murya na ce, "Yaya Indo, zo ki ɗauki ɗiyarki, ta hwaɗi." Dije ta farka da kuka, na kwanto ta na sa mata nono ina jijjiga ta. Duk wannan bai kai a sha ruwa a ajiye kwano ba. A Gwandu da kafin in rufe baki hannu goma sun ɗauke ta.

Wata mai sayar da shayi ce ta tsallako murhunta ta ɗauke ta. Ta danne goshin da farin mayafinta, tana yi mini ihu da Larabci, tana nuna Dije a ƙirjina tana nuna yarinyar. Mutane suka taru. Ɗan sanda ya zo, ya saurare ta, ya sa aka kira wani tela daga rumfarsa. Iyayensa Kanawa ne amma a can aka haife shi, Hausarsa duk ta karkace.

Telan ya ce ana tambaya yarinyar wa ce. Matan Ceberu suka dube ni da ɗan murmushin nan da na sani tun ranar da na haihu. Bakina ya faɗi abin da ya saba faɗi.

"Ba tawa ba ce. Ta Inna ce."

Ya ce ina Innar. Na ce ta rasu a Abashe. Ya durƙusa ya tambayi yarinyar ko wannan uwarta ce, ta girgiza kai ta ce Adda ce. Ya ce to in faɗi sunanta. Na yi shiru. Ya sake tambaya, na sake yin shiru ina kallon ƙasa. Nan Yaya Indo ta fito a guje da turare a hannu tana nuna ni tana cewa ɗiyata ce, ta fari ce, kunya ce irin tamu. Ɗan sandan ya ce ba wannan ce aka ce ta zo ta ɗauki ɗiyarta ba? Ita kuma daga ina? Aka ce Katsina. Ni fa? Gwandu. Ya dubi fuskata da zanena, ya dubi farar fuskar yarinyar, ya daɗe yana dubawa.

Fuskar telan ta sake. Ya rage murya ya ce mini, "Baiwar Allah, kin san abin da kika yi? Ana kama masu wucewa da 'ya'yan mutane suna sayarwa a ƙetaren teku. Su nan ba su san wata kunya ba. Uwar da ɗanta ya faɗi ta kau da kai, ba su taɓa gani ba."

Aka kai mu wani ofishi mai farar ƙasa a bango. Babbansu wani dogo ne mai furfura a gashin baki, bai yi mana tsawa ba, har ya sa aka wanke mata goshi aka ɗaure. A nan na ce ɗiyata ce, a hankali, kaina a ƙasa. Ya ce ɗazu na ce ba tawa ba ce, wace maganar zai ɗauka? Maigida ya zo a guje ba hula. Ya rantse, ya faɗi sunan, ya ce a kawo Alƙur'ani. Babban ya nuna shi ya tambayi yarinyar wane ne wannan. Ta ce Malam ne. Ya nemi takarda, muka ce tana Abashe. Madugu ya zo da mutanen ayari suka yi shaida. Babban ya ce ya taɓa ganin mota guda sun rantse wa mutum, daga baya aka samu yaran ba nasa ba ne. Ya ce zai buga waya ƙasarmu a bincika, kafin amsa ta zo yarinya za ta zauna a gidan wata mata da ke riƙe irin waɗannan yaran.

Aka kama hannunta aka fita da ita. Ba ta yi kuka ba, ba ta waiwayo ba. Bakin zanenta yana cikin bakinta.

Washegari madugu ya ce jirgin ƙasa ba ya jiran kowa, na ruwa ma haka, in ya tsaya dominmu kowa zai rasa aikin hajjin bana. Maigida ya roƙe shi ya mayar mana da abin da muka ba shi na sauran hanya, ya ce ya riga ya shiga hannun masu jirgi. Bai dubi idonsa ba da yake faɗi. Matan Ceberu suka yi mini Allah ya kyauta suka ɗaure kayansu. Yaya Indo ta zo ta tsuguna a gabana. Ta ce, "Bakabiya, na san ku da wauta, amma ban san..." Sai ta rufe fuska da mayafi. Ta bar mini butarta da ragowar kukarta ta miya. Ta ce in ta ga Ɗakin Allah, addu'ar farko tamu ce.

Daga zango muna jin kukan jirgin da ya tafi da su.

Maigida ya shiga dakon buhunan ƙaro don mu ci. Ni kuwa na gano gidan, yana bayan kasuwa, da ƙofar langalanga mai tsaga a gefe. Kullum da safe in goya Dije in je in zauna gindin wani itacen bedi da ke fuskantar ƙofar. An hana ni shiga. In titi ya yi shiru sai in lallaɓa in sa ido a tsagar. Na ga sun aske mata kai saboda ƙwarƙwata, kitson nan da Inna ta yi mata a Abashe, wanda na hana Yaya Indo tsefewa ba tare da na faɗi dalili ba. Sun sa mata wata riga irin tasu. Ba dukanta ake yi ba, ana ba ta abinci. Na ga ana ajiye mata shi da zafi tana ture shi, matar gidan tana zaton ƙi ne, ta ɗauke. Takan zauna kusa da randa ita kaɗai. Abin da ya fi ci mini rai, ba ta kallon ƙofa. Wasu yaran in an taɓa ƙofar sukan ɗago kai. Ita wa za ta jira? Wadda take jira tana ƙarƙashin duwatsu a Abashe.

Maigida bai yi mini faɗa ba, da ya yi da ya fi mini sauƙi. Sau ɗaya ne, yana wanke ƙafa zai yi sallar magariba, ya ce ba tare da ya dube ni ba, "Kulu, da kin hwaɗi."

Na ce, "Da a Gwandu na hwaɗi, mi za ku ce da ni?"

Ya daɗe riƙe da butar.

Mai shayin nan na tsane ta, in na hango ta sai in sake hanya. Wata safiya ina gindin bedin sai ga ta tsaye a kaina. Ashe ta daɗe tana ganina. Ta ajiye mini shayi da kisra, ta tsuguna. Ta nuna ƙofar, ta nuna cikina, ta kama nononta ta girgiza, tana tambayata da ido. Babu dangin miji a wurin, kuma ba da baki za a amsa ba. Na gyaɗa kai. Ta mari kumatunta da hannu biyu, ta yi ta magana hawaye na zuba. Ta nuna ƙirjinta ta ce Batul. Na nuna nawa na ce Kulu. Daga ranar kullum takan kawo mini wani abu. Na nuna mata da hannu cewa a riƙa barin abinci ya huce, ta shiga gidan ta faɗa, tunda ita ba a hana ta. Da yamma na leƙa na ga kwanon yarinyar wayam. Ta je ofishin ma har sau da yawa, aka ce mata ana jiran waya.

Wayar ba ta zo ba. Ranar Arfa ta same mu a Lubayya. Maigida ya yi azumi ya yi dako, da ya dawo ya zauna ya fuskanci gabas. Da Sallah Batul ta kawo mana nama a ƙunshe.

Bayan Sallah telan nan ya zo zango. Ya ce babu amsa, kuma ba a barin yaro a nan har abada. A jirgin gobe da hantsi za a sa ta a kai ta Kartum, gidan da ake tara irinsu. Maigida ya tambaye shi daga can fa. Ya buɗe hannu, ya ce wasu akan ba wa masu riƙo, ba a cika sanin inda suka ƙare ba. Ba mu da abin shiga jirgin mu bi ta.

Da hantsi muka je tasha, ban san me na je yi ba. Wurin ya cika da sojoji da buhuna da awaki da masu kuka da masu dariya. Batul ta bar murhunta ta biyo mu da wasu mata 'yan kasuwa. Na hango ta can gaba, matar gidan tana riƙe da hannunta, babban nan mai furfura yana tsaye da telan yana ba da takardu. Aka nufi tarago da ita. Na ce "ke". Muryata ko ni ban ji ta ba. Na ƙara ƙarfi na ce, "Ke! Wagga!" Wace ce ba ke ba a cikin wannan taro? Ba ta juyo ba. Aka ɗaga ta aka ɗora ƙafarta a matakala.

Maigida yana tsaye kafaɗa da kafaɗa da ni. Sunan yarinyar sunan uwarsa ne, uwar da bai daɗe da zuba wa ƙasa ba. Zan rubuta shi sau ɗaya a nan, kamar yadda na faɗe shi.

"Rukayya!"

Ban san akwai murya irin wannan a cikina ba. Ta juyo. Na sake kira, na sake, ina ture mutane, Dije tana ihu a bayana. Na fizgo ta daga matakalar na zube ƙasa da ita, na lulluɓe ta da mayafina na kife a kanta. Wani ɗan sanda ya kama hannuna, na cije shi. Ina faɗi da ƙarfi, a gaban maza, cewa ni na haife ta, a ɗakin uwata a Kalgo, da damina, ruwa na zuba ta rufin, kwana biyu ina naƙuda, ni na sha wankan, ni na sha kunun, nonona ta sha har ta cije ni, ga tabon in suna so su gani. Na faɗi abubuwan da mace ba ta faɗi ko a gaban uwarta. Telan ya fara juyawa da Larabci, ya kai wani wuri ya yi shiru. Batul da matan kasuwa suka kewaye mu suka zauna a ƙasa, suna ta magana a kan babban, wata tsohuwa har tana buga masa sanda a gaban takalmi.

Jirgi ya yi kuka. Matar gidan ta leƙo daga tarago tana jiran umurni. Babban ya tsaya yana kallona, ni a ƙasa, ɗankwali ya faɗi, baki da ƙasa. Ya ɗaga mata hannu ta sauko. Jirgin ya tafi.

Ya sa telan ya tambaye ni me ya hana ni yin haka ranar da ta faɗi a kasuwa. Na sunkuyar da kai. Telan ma bai matsa ba. Aka dangwala mana yatsa a tawada aka sallame mu.

Na kwance Dije na miƙa wa ubanta, abin da namiji ba ya yi a titi, ya karɓa. Na goya yarinyar, ƙafafunta suna reto har gwiwata. Muka ratsa kasuwar a haka. Mun kusa zango na ji bakinta a kunnena, a hankali ta ce, "Adda, ashe kin san sunana?"

Sauran labarin ba shi da tsawo. Muka gangara inda ake noman auduga a bakin kogi, muka yi tsinta kaka biyu don mu tara na gaba. A can zazzaɓi ya ɗauki Dije, wadda nake kiran sunanta kullum, muka rufe ta a bakin wata gona. Abin da muka tara ba zai kai mu uku bakin teku ba. Ko maigida ya wuce shi kaɗai, ko mu koma gida tare. Ya kwana biyu yana tunani, ya ce a ɗaure kaya, yamma za mu yi. Da muka iso Abashe muka nemi kabarin Inna, duwatsun duk iri ɗaya ne.

Matan Ceberu sun riga mu dawowa da daɗewa, ana ce musu Hajiya. Sun ba da labari a Gwandu cewa Kulu ko a gaban ɗan sandan Larabawa ba ta karya kunya ba. Tsofaffi suka zo yi mana barka suna sa mini albarka, wata ta ce a kawo amare su gan ni su koya. Na sunkuyar da kai. Maigida bai taɓa gaya wa kowa abin da ya faru a tasha ba. Wani falke daga Katsina ya kawo mini 'yar kwalbar zamzam, ya ce wata Hajiya Indo ce ta ce a ba Bakabiya mai ƙarnin kifi.

Ba mu yi mako ba ƙanwar maigida ta zo ta ɗauki yarinyar, tunda Inna babu, ita ce ta cancanta. Gidansu yana bayan namu, katanga ɗaya ce. Na koma ce mata "ke", ta koma ce mini Adda. Tabon yana nan a goshinta, gashi ya ɗan rufe shi.

Sai dai wani lokaci da rana tsaka, in an aiko ta ɗebo wuta, takan zagayo bayan ɗakina inda nake tankaɗe. Ta tsaya da kaskon a hannu, ba ta dubana, ni ma ba na dubanta. Ta ce, "Adda, hwaɗi."

Nakan leƙa tsakar gida. In babu kowa, in faɗi sunan.